Hoto ya ce babu karaya: nazarin tsinkewar jijiyar gwiwar wani kafinta

Mai raunin da sana'arsa

Matashi ne ɗan shekara 26, kafinta mai rufin kwano a Kano, yana da mata da ɗa ɗaya. A kan tsani yake yini: ya hau da katako a kafaɗa, ya taka rafta, ya tsuguna awa biyu ko uku yana buga ƙusa, ya sauko ya sake ɗauka. Idan aiki ya yi sauƙi bayan la'asar, sai ya wuce filin makarantar firamaren unguwarsu, inda yake buga wa ƙungiyar unguwa lamba bakwai. Nauyinsa kilo 68. Ba ya shan taba, ba shi da ciwon suga ko hawan jini, gwiwarsa kuma ba ta taɓa damunsa ba.

Gwiwa mahaɗar ƙashin cinya ce da ƙashin ƙwauri, ƙoƙon gwiwa na rufe da su ta gaba. Manyan jijiyoyi huɗu ne ke ɗaure ƙasusuwan biyu. Biyu suna gefe, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, su ke hana gwiwa karkacewa. Biyu kuma suna can tsakiyar gaɓar, sun gitta juna. Ta gaban cikinsu, wadda likitoci ke kira ACL, ita ke hana ƙwauri zamewa gaba ko murɗewa idan mutum ya dasa ƙafa ya juya. A tsakanin ƙasusuwan akwai guringuntsi biyu masu lanƙwasa, na ciki da na waje, ana ce musu miniskus. Aikin da gammo ke yi wa kai shi suke yi wa gwiwa.

Ranar rauni

Wata Asabar ce cikin hunturu, fili ya bushe ya yi tauri. Yana gudu da ƙwallo, ya dasa ƙafar dama zai yanke zuwa hagu. Babu wanda ya taɓa shi. Ƙafar ta kafe a ƙasa, jiki ya juya, gwiwar ta karkata ciki, ya ji ƙas, ya faɗi. Mai tsaron bayan da ke dab da shi ya ce shi ma ya ji ƙarar. Bayan 'yan mintuna ya miƙe ya gwada takawa, ƙafar ta ƙi ɗaukarsa, aka goya shi a babur zuwa gida. Kafin a kira isha'i gwiwar ta kumbura har ƙoƙon ya nutse, wando ya matse shi.

Abu uku ke nan suka faru a yammacin: ya faɗi ba tare da karo da kowa ba, an ji ƙara, kumburi ya taso cikin awa uku. Sai bayan wata biyar aka samu wanda ya tambaye shi su.

Mako na 1 zuwa na 3: kemis, mai ɗori, hoto

A daren ƙaninsa ya je kemis ya karɓo maganin kashe zafi na diclofenac da man zafi. Mahaifiyarsa ta shiga yi masa gashi da ruwan zafi da tsumma, safe da yamma. Kumburin ya ƙaru.

A kwana na biyu mahaifinsa ya kai shi wurin wani dattijo mai ɗori da gidan suka daɗe da sani, wanda ya taɓa ɗora wa yayansa karayar hannu ta warke sarai. Dattijon ya lalluba gwiwar tun daga cinya har ƙwauri, ya ce, "Yaro, ƙashinka lafiya yake, targaɗe ne." Ya ja ƙafar, ya murɗa, ya shafa mai, ya ɗaure da ƙyalle. Sau uku aka koma wurinsa cikin kwana goma.

A kwana na biyar kawunsa ya dage sai an yi hoto, aka tafi wani babban asibiti. An ɗauki eksire, ma'aikacin da ya duba ya ce babu karaya, babu gocewar ƙashi. Gwiwar a lokacin ta cika tam, taɓa ta ma ba ya iya jurewa, don haka ba a gwada jijiyoyin da hannu ba. Aka rubuta masa maganin zafi da bandeji, aka ce ya huta mako biyu. Ba a ba shi ranar dawowa ba. Abin da ya isa gida shi ne hoto ya nuna lafiya lau.

Eksire ƙashi yake nunawa. Jijiya da guringuntsi ba sa fitowa a cikinsa, ko suna lafiya ko sun tsinke.

Zuwa ƙarshen mako na uku kumburin ya sace, zafin ya ragu sosai, yana tafiya da ɗan ɗingishi. Haka raunin ACL ke yi ko an yi magani ko ba a yi ba: jiki yana shanye jinin da ya taru a gaɓar, tafiya a miƙe kuma ba ta cika buƙatar wannan jijiya ba. A gidan kowa ya ɗauka an warke, wasu na yaba ɗori, wasu na yaba maganin asibiti.

Mako na 6 zuwa wata na 5: gwiwa tana ƙwacewa

Ya koma aiki a mako na shida, ya koma fili a mako na takwas. Bai yi minti goma a fili ba, ya juya zai bi ƙwallo, gwiwar ta ƙwace masa ya zube. Ta kumbura kwana uku ta sace. Cikin wata uku, har da wannan na farko, hakan ya faru sau huɗu. Na biyun yana saukowa daga adaidaita sahu. Na ukun a kan tsani, matakala uku tsakaninsa da ƙasa, yana riƙe da fallen kwano. Allah ya kiyaye ya sake shi gefe, bai yanke shi ba.

Ya gwada abin da ya samu. Ya sayi safar gwiwa a kasuwa, ta ba shi ɗumi da ɗan ƙwarin gwiwa amma ba ta hana ƙwacewar ba. Wanzami ya yi masa ƙaho sau biyu don a cire mataccen jini. An yi masa allurar kashe zafi a kemis. Shi da kansa ya koyi dabarar lallaɓa ƙafar: ya fara taka tsani da hagu, ya riƙe dama a sandare idan zai juya, ya daina gudu gaba ɗaya. Maigidansa ya lura, ya rage ba shi aikin sama, ya bar masa yankan katako a ƙasa, abin da yake samu a rana ya ragu.

A wata na biyar, ya idar da sallar magariba zai miƙe daga zama, sai gwiwar ta kulle a lanƙwashe, ta ƙi miƙewa. Kwana biyu tana haka. A na uku yana zaune a bakin gado yana karkaɗa ƙafar, ya ji wani abu ya koma mazauninsa, ta saki. Wannan karon bai jira shawarar kowa ba, ya tafi asibitin ƙashi.

Wata na 5: gano ciwon

Kafin likitan ya taɓa shi sai da ya zauna ya saurari labarin tun daga ranar Asabar ɗin. Wani ya buge ka ko kai kaɗai ka faɗi? Ka ji ƙara? Kumburin a ranar ya taso ko sai washegari? Tambayar ƙarshen nan tana da nauyi. Kumburin da ya cika gwiwa cikin 'yan awoyi jini ne, kuma a matashin da ya murɗe gwiwa a wasa, tsinkewar ACL ce ta fi yawan kawo shi. Wanda ya taru a hankali zuwa washegari yawanci ruwan gaɓa ne, ya fi zuwa da raunin guringuntsi ko ƙaramar gurɗewa.

Sai aka auna. Kaurin cinya, santimita 10 sama da ƙoƙon gwiwa: hagu 46, dama 43. Miƙewa: dama ta gaza da digiri 5. Lanƙwasawa: hagu digiri 140, dama 120. Da aka danna layin mahaɗar ta gefen ciki, ya zabura.

Daga nan likitan ya kwantar da shi rigingine, ya ce ya saki jiki. Ya fara da lafiyayyar ƙafar don ya san yadda gwiwar mutumin take tun asali. Hannu ɗaya ya riƙe cinya daidai saman gwiwa, ɗaya ya kama ƙwauri, ya ɗan lanƙwasa gwiwar digiri 20 zuwa 30, sannan ya jawo ƙwaurin gaba. A hagu ya ɗan motsa ya tsaya cak. A dama ya taho, ya zarce na hagun da kusan santimita ɗaya, kuma babu wannan tsayawar, laushi kawai hannu ke ji a ƙarshe. Shi kansa mai raunin ya ɗago kai ya kalla, ya ce, "Likita, ai haka take yi mini." Wannan shi ne gwajin Lachman, wanda likita Joseph Torg ya bayyana a rubuce a 1976 ya sa masa sunan malaminsa John Lachman na Jami'ar Temple a Amurka. Ba ya cin minti ɗaya, ba ya buƙatar na'ura. Jijiyoyin gefe da ta bayan an gwada su, duk suna riƙe.

Likitan ya faɗa masa a nan take cewa ACL ta tsinke, kuma yana zargin miniskus na ciki ya yage, shi ne ke shiga tsakanin ƙasusuwa ya kulle gwiwar. Ya tura shi hoton MRI, wanda shi yake nuna jijiya da guringuntsi, domin a tabbatar, a kuma ga girman yagewar. Haɗa kuɗin hoton ya ɗauki kwana 12. Sakamakon ya zo daidai da abin da hannu ya ji: ACL ta rabu gaba ɗaya, miniskus na ciki ya tsage a tsawonsa, wani ɓangare yana iya naɗewa zuwa tsakiyar gaɓar. Miniskus na waje da santsin kan ƙasusuwan suna lafiya.

Wata na 5 zuwa na 7: shawara da shiri

Ba duk wanda ACL ɗinsa ta tsinke ba ne sai an yi masa aiki, kuma likitan bai ɓoye musu haka ba. Wani bincike da aka yi a Suwidin aka wallafa a 2010 ya raba matasa 121 masu sabon rauni gida biyu: wasu aka yi musu tiyata da wuri, wasu aka fara da motsa jiki a hannun likitan fisiyo, wato mai gyaran gaɓoɓi da atisaye, aka bar tiyata sai in ta zama dole. Bayan shekara biyu babu wani bambanci na a zo a gani tsakaninsu, bayan shekara biyar kuma kusan rabin rukuni na biyu ba su buƙaci aikin ba. Amma wani binciken na Birtaniya na 2022, a kan mutum 316 waɗanda rauninsu ya daɗe kuma gwiwar na ci gaba da ƙwace musu, ya nuna waɗanda aka yi wa tiyata sun fi samun sauƙi bayan wata 18. Kafintan namu cikin irin waɗannan na biyun yake, ga miniskus da ke kullewa, ga sana'ar da faɗuwa ɗaya a cikinta kan iya zama ajali. Shawarar likita ita ce a yi aiki, kuma kada a ja lokaci.

Mahaifinsa bai amince ba da farko. Ya san wani da aka yi wa aiki a gwiwa ƙafar ta sandare, yana kuma ganin ɗansa da ƙafafunsa ya shigo asibitin. Likitan ya ce a zo da shi. Ya sa ya ɗora hannunsa a kan ƙwaurin ɗan nasa, ya maimaita gwajin a ƙafa biyun, ya ce, "Baba, kun ji bambancin? Da wannan yake hawa saman gidan mutane." Dattijon ya yi shiru, daga baya ya ce a ba su lokaci su nemi kuɗi.

Kuɗin ya fi abin da yake samu a watanni da yawa. Matarsa ta kwashi adashenta, 'yan'uwa suka yi karo-karo, maigidansa ya ba da rance. Hakan ya ci mako bakwai, kuma ba a bar makonnin sun tafi a banza ba: an haɗa shi da likitar fisiyo, sau biyu a mako. Manufar ita ce ya shiga ɗakin tiyata da gwiwar da ba kumburi, mai miƙewa sosai, da cinya mai ƙarfi, domin gwiwar da aka yi wa aiki tana a kumbure ko a ƙage ta fi saurin sandarewa bayan aikin. A ƙarshen makonnin miƙewa ta cika, lanƙwasawa ta kai digiri 135, tazarar kaurin cinya ta sauko daga santimita 3 zuwa 1.5. Duk da wannan ci gaba, a mako na huɗu gwiwar ta sake ƙwacewa yana tsallake kwata a ƙofar gida. Bayan wannan babu wanda ya sake maganar a bar aikin.

Saura zaɓen inda za a ciro sabuwar jijiya. ACL da ta daɗe a tsinke ba a ɗinke ta, sauya ta ake yi da wata daga jikin mutum. Wurare biyu aka fi ɗauka: tsakiyar jijiyar da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa, ko jijiyoyi biyu na tsokar bayan cinya. Ta farkon tana da ƙarfi ƙwarai, 'yan wasa da yawa ita ake sa musu, sai dai ta fi barin ciwo a gaban gwiwa idan an durƙusa. Ga mutumin da zai yi sujada sau da yawa kowace rana, kuma a durƙushe yake neman abincinsa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Aka zaɓi ta bayan cinya.

Wata na 7: tiyata

An yi masa allurar baya da ke kashe rabin jiki. Da tsokoki suka saki, likitan ya yi gwajin murɗa gwiwa wanda zafi ya hana a yi sosai a baya, ƙwaurin ya zame ya dawo a fili. Ta ƙananan huji biyu aka shigar da kyamara da kayan aiki. Ta wata tsaga mai santimita 3 a gefen ƙwauri na ciki aka zaro jijiyoyin biyu, aka ninka su suka zama huɗu, kaurinsu milimita 8. Aka huda hanya a ƙashin cinya da na ƙwauri daidai inda tsohuwar take, aka zura sabuwar, aka ɗaure ta sama da ƙasa.

An shiga da niyyar ɗinke miniskus, hakan bai yiwu ba. Gefensa na waje kaɗai jini ke kaiwa, can ne ɗinki ke kamawa. Nasa ya tsage ta wajen da jini ba ya zuwa, ɓangaren da ya riƙa naɗewa kuma ya riga ya tauna ya zama zare-zare. Aka yanke wanda ya lalace, kusan kashi ɗaya cikin uku, aka gyara bakin sauran. An sallame shi a kwana na biyu da sandunan hammata, da gargaɗin ya dawo nan take in ya ga zazzaɓi, ko ruwa na fita daga ciwon, ko sha-raɓarsa ta kumbura tana zafi.

Mako na 1 zuwa na 10 bayan aiki: koma baya da gyara

Mako biyun farko sun tafi daidai. Aikinsa shi ne matse tsokar cinya, ɗaga ƙafa a miƙe, ɗora dunduniya a kan naɗaɗɗen bargo don gwiwa ta sauka da nauyinta, da sanya ƙanƙara minti 15 zuwa 20 sau da yawa a rana. Ba wuta a unguwar balle firji, don haka ƙaninsa ke sayo fiya wata mai ƙanƙara wurin masu sayarwa, a naɗe leda uku a tawul a ɗora. Salla a kan kujera yake yi, bayan limamin unguwa ya tabbatar masa shari'a ta yarda wa wanda ya kasa tsayuwa ko sujada. Don ba-haya, abokan sana'arsa suka ƙera masa kujera mai rami da za a ɗora a kan masai, tunda tsuguno ya haramta a gare shi a lokacin.

Daga mako na uku ya daina zuwa fisiyo. Kuɗin mota zuwa da dawowa, da kuɗin kati, ga ba ya aiki, ga bashi. Bai faɗa wa kowa a asibitin ba. A gida kuma ya gano idan ya sa matashi a ƙarƙashin gwiwa zafin kan lafa ya samu barci, sai ya mayar da shi al'ada, gwiwar tana kwana a lanƙwashe. Da ya zo ganin likita a mako na shida, gwiwar ta gaza miƙewa da digiri 10, lanƙwasawa ta tsaya a 95, cinyar ta koma siririya fiye da kafin aiki, yana tafiya a ɗan durƙushe. Abin da mahaifinsa ya ji tsoro ya fara tabbata.

Likitar fisiyon ba ta yi masa faɗa ba. Ta tambaye shi nawa yake kashewa a kowane zuwa, ta sauya tsarin: zuwa sau ɗaya a mako biyu, sauran a gida. Ta rubuta masa atisaye biyar da Hausa a takarda, ta sa ƙaninsa ya ɗauki bidiyon kowanne a waya yayin da take nunawa. Aka cire matashin kan daga ƙarƙashin gwiwa. Sau huɗu a rana zai kwanta rub da ciki, ƙafar na reto daga bakin gado, an ɗaura masa ƙullin yashi mai kilo 2 a idon sawu, na minti 10. Wannan atisaye yana da zafi, ya ce har hawaye yake yi a kwanakin farko. Don lanƙwasawa, zai zauna a tabarma ya jawo dunduniya da zani. Matarsa ce ke sa alama a takardar duk wanda ya yi. A mako na takwas gibin miƙewar ya koma digiri 4, a na goma ya rufe, lanƙwasawa ta kai 125. A nan ya ajiye sanda.

Wata na 3 zuwa na 12 bayan aiki

Wannan zangon ƙarfafa tsoka ne, kuma mai tsawo: keken motsa jiki, hawa da saukar matakala, rabin tsuguno da nauyi, tsayuwa da ƙafa ɗaya ido a rufe. An yi masa bayani cewa sabuwar jijiyar takan yi rauni a watannin farko yayin da jiki ke shigar da jini cikinta yana sake gina ta, ko da mutum yana jin garau. Ya koma yankan katako a ƙasa a wata na uku, ya fara sujada a kan darduma mai kauri a lokacin. Sassarfa a miƙe ta zo a wata na huɗu, cikakken zaman tahiya a na biyar, hawa tsani a na shida.

A wata na shida aka fara gasar unguwanni, kocinsu ya aiko masa. Ya zo neman izini. Maimakon ta ce e ko a'a, likitar ta ja layi a ƙasa ta sa shi tsalle da ƙafa ɗaya, ya dira a kan ita ɗin ba tare da tangaɗi ba. Hagu santimita 160, dama 125, wato kashi 78 cikin 100. Abin da ake nema aƙalla 90. Ta kuma gaya masa abin da wani bincike na Norway na 2016 ya gano a kan 'yan wasa 106: duk wata ɗaya da aka jinkirta komawa fili, har zuwa wata tara, yawan sake rauni yana raguwa da kusan rabi. Ya kai wa kocin lambobin, gasar ta wuce ba shi. A wata na tara ya samu 88, a na 11 ya samu 93. Ya fara atisaye da ƙungiya ba tare da karo ba, ya buga wasansa na farko a wata na 12.

Wata na 18 bayan aiki

Yana aikin rufi kamar da. Gwiwar ba ta sake ƙwacewa ko kullewa ba. A gwajin Lachman tana tsayawa cak. Miƙewa daidai da hagu, lanƙwasawa 135, kaurin cinya ya rage rabin santimita ya kamo. Akwai wani ɗan wuri a gaban ƙwauri kusa da tabon da ba ya jin taɓi sosai, abin da kan faru idan tsagar ta shafi ƙaramar jijiyar fata. Idan ya daɗe a tsugune gefen ciki na gwiwar na yi masa tsami. Ƙwallo sau ɗaya yake bugawa a mako. Ya gama biyan rancen maigidansa.

Abin da ya yi aiki, da abin da bai yi ba

Mai ɗori ya faɗi gaskiya da ya ce ba karaya, eksire ma ya faɗi gaskiya. Dukansu tambayar ƙashi suka amsa, alhali ciwon ba a ƙashi yake ba. Ja da murɗar da aka yi wa gwiwar ba su ne suka tsinka jijiyar ba, ta tsinke tun a fili, ko da yake gashi da ruwan zafi a kwanakin farko yana ƙara zubar jini a gaɓa, ƙanƙara ake so. Illar da suka yi ita ce sun ba shi da iyayensa tabbacin an warke.

A ganina babban giɓin yana kwana na biyar. Ba laifi ba ne a kasa gwada jijiya a gwiwar da ta cika da jini. Abin da ya kamata shi ne a yi masa tambayoyin nan uku, a ce masa hoto bai ga karaya ba amma hoto ba ya ganin jijiya, a rubuta masa ya dawo bayan mako biyu a sake dubawa idan kumburi ya sauka. Wannan ba ya buƙatar MRI, ba ya buƙatar likitan ƙashi, kuma ba zai ci masa ko sisi ba bayan kuɗin mota. Abin yana damuna, domin na san layin da ke gaban ma'aikacin nan da yawan mutanen da yake gani a rana, amma jimla biyu ce ta raba wannan matashi da wani ɓangare na gwiwarsa. A sabon raunin ACL miniskus na waje ne ya fi yawan yagewa. Na ciki yakan biyo bayan ƙwacewa mai maimaituwa, domin shi ke ɗaukar aikin jijiyar da ta tafi. Nasa na ciki ne, kuma bai kulle ba sai bayan ƙwacewa huɗu. Da an gano ciwon a mako na uku, an hana shi fili da tsani an fara fisiyo, da wataƙila tiyatar ma ta zo da sauƙi, ko a same shi da miniskus da za a iya ɗinkewa.

Tiyatar ta dace da shi, amma saboda halinsa ne: shekarunsa, sana'arsa, kullewar, da ƙwacewar da ta ci gaba duk da ƙarfafa cinya. Ɗan kasuwa mai shekara 45 da ke zaune a shago, wanda gwiwarsa ba ta ƙwacewa, zai iya rayuwarsa lafiya da fisiyo kaɗai, kuma bai kamata a tsorata shi zuwa ɗakin tiyata ba.

Aikin da likita ya yi da kyau ya kusa lalacewa cikin mako uku saboda kuɗin mota da matashin kai. Tsarin farko an yi shi ne don mai iya zuwa asibiti sau biyu a mako, shi kuwa ba ya iyawa, kunya kuma ta hana shi faɗa. Abin da ya ceto gwiwar shi ne an tambaye shi, an mayar da atisayen gida, an sa iyalinsa a ciki. Gwajin tsallen ma haka: da baki kawai aka hana shi gasar, da wuya ya iya tsayawa gaban koci da abokai, amma 125 da 160 abu ne da kowa ya gane.

Abin da ba a iya mayarwa ba shi ne ɓangaren miniskus da aka yanke. Gwiwar da ta rasa shi ta fi fuskantar zaizayewa da wuri, musamman ga mai tsuguno da ɗaukar kaya, kuma wanda ACL ɗinsa ta taɓa tsinkewa yana cikin haɗarin tsinkewar ta ɗaya ƙafar. An shawarce shi ya kiyaye nauyinsa, kada ya bar atisayen cinya, ya riƙa ɗumama jiki kafin wasa da irin tsarin FIFA 11+ da aka tanada don rage raunin ƙafa, ya sa abin durƙuso mai laushi a wurin aiki. Zai riƙa zuwa dubawa sau ɗaya a shekara, kuma ya zo ba tare da jiran ranar ba idan gwiwar ta kumbura ta kwana uku ba ta sace ba.